Ƙarfin Ɗan Sanda da Iyakarsa: Abin da Doka ta Tanada, da Inda Hukunci ke Maƙalewa a Najeriya

Ɗan sanda shi ne ma'aikacin gwamnati da doka ta yarje wa ya ɗora hannu a kan ɗan ƙasa ba tare da yardarsa ba: ya tsayar da shi, ya caje shi, ya sa masa ankwa, ya kulle shi, a wani yanayi ma ya harbe shi. Wannan izini shi ake kira amfani da ƙarfi, kuma hawa-hawa ne, tun daga tsawa da riƙe hannu, zuwa kulki da barkonon tsohuwa, har zuwa harsashi. Babu ƙasar da ta hana 'yan sandanta wannan izini gaba ɗaya. Inda ƙasashe suka bambanta shi ne iyakar da suka shata masa, da kuma abin da ke biyo baya idan jami'i ya ƙetare iyakar.

A Najeriya an yi wa shata iyakar aiki mai yawa tsakanin 2015 da 2020. Cikin shekaru biyar ɗin nan aka samu sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuka, da dokar haramta azabtarwa, da sabon umarnin runduna kan amfani da bindiga, da sabuwar dokar 'yan sanda. Ɓangare na biyu kuwa, wato hukunta wanda ya wuce gona da iri da biyan haƙƙin wanda aka zalunta, bai yi tafiya daidai da na farko ba. A wannan giɓi ne amanar jama'a take zubewa.

Asalin rundunar

A 1861, shekarar da Turawan Ingila suka karɓe Legas, aka kafa wata 'yar runduna ta mutum 30 domin gadin ofishin ƙaramin jakadansu. Ba a jima ba aka faɗaɗa ta da Hausawa, da yawansu bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu, har aka riƙa kiranta rundunar Hausawa. A 1888 kamfanin Royal Niger ya kafa tasa rundunar mai hedikwata a Lokoja. Dabarar Turawa a bayyane take: a sa baƙo ya tsare mutanen da ba danginsa ba ne, domin kada tausayi ya hana shi bin umarni. Aikin waɗannan dakaru shi ne kare kasuwanci da mulkin mallaka, da murƙushe masu turjiya. A 1930 aka haɗe rundunonin Arewa da Kudu suka zama Rundunar 'Yan Sandan Najeriya, mai hedikwata a Legas, kuma sai a 1964 ɗan ƙasa na farko, Louis Edet, ya zama Sufeto Janar.

Gefe guda kuma akwai 'yan doka na En'e a Arewa, waɗanda suka samo tushe daga dogaran sarakuna, da 'yan sandan ƙananan hukumomi a Yamma. A shekarun siyasar jamhuriya ta farko, 'yan adawa, musamman magoya bayan NEPU, sun sha kokawa da yadda ake amfani da 'yan doka wajen kama su da hana su taro. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bayan 1966, ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗore a kan wannan tsari: rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, ba a yarda a kafa wata ba.

Tarihin rundunar da taron jama'a yana da tabo a wurare da dama. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 da ke yajin aiki a mahaƙar Iva da ke Inugu. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu a yankin madatsar ruwa ta Bakolori, a tsohuwar jihar Sakkwato. Ƙidayar hukuma ta tsaya a 'yan gommai, manoman da masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. A Mayun 1986 aka kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kusan duk lokacin da haka ta faru akan kafa kwamitin bincike, kuma wannan al'ada ta kafa kwamiti tana nan har yau.

Yaushe doka ta yarda a yi harbi?

Amsar tana farawa ne daga sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki. Sakin layi na farko ya ce kowa yana da haƙƙin rayuwa, ba a raba shi da ransa da gangan sai da hukuncin kotu. Sakin layi na biyu ya kawo togaciya: ba za a ce an tauye wa mutum wannan haƙƙi ba idan ya mutu sakamakon amfani da ƙarfin da doka ta yarda da shi, kuma gwargwadon buƙata, domin kare wani mutum daga hari ko kare dukiya, ko domin kama mutum bisa doka ko hana tsararre tserewa, ko domin kwantar da tarzoma, tawaye ko bore.

Abin lura a nan shi ne togaciyar ba ta sharɗanta cewa sai ran wani yana cikin haɗari ba. Kare dukiya da hana tserewa sun isa hujja, muddin kotu ta gamsu cewa ƙarfin bai wuce kima ba. Dokar laifuka da ake aiki da ita a jihohin Kudu ta ƙara fayyace wannan a sashe na 271, inda ta yarda a kashe mai gudun kamu idan laifin da ake zarginsa da shi hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin shekara bakwai zuwa sama, kuma babu wata hanyar kama shi. Dokar dai ta ce a sashe na 298 duk wanda aka ba izinin amfani da ƙarfi zai amsa laifin abin da ya ƙara a kan izinin.

A cikin gida kuwa, abin da kurtu ke koya a kwalejin horaswa shi ne Umarnin Runduna mai lamba 237. Tsohon umarnin ya ba da damar harbin wanda ake zargi da babban laifi idan ya ruga, ya kuma ɗauki taron mutum 12 ko fiye da suka ƙi watsewa bayan an karanta musu shela a matsayin tarzoma, inda ya umarci a auna gwiwoyin masu tarzomar, a kuma ware jagororinsu a harbe su. Philip Alston, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan da ba na shari'a ba, wanda ya ziyarci Najeriya a 2005, ya soki wannan umarni a rahotonsa na 2006, ya nemi a gyara shi. Sukar tasa tana da tushe a zahiri: idan harbin mai gudu halal ne, kuma wanda aka harba ba ya nan balle ya musanta, to kalmomin "ɗan fashi ne, ya yi yunƙurin tserewa" sun ishi rufe kowane fayil.

Ma'aunin duniya ya fi wannan tsauri. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Habana, babban birnin Kuba, a 1990, sun ce ba a harbin mutum da niyyar kisa sai idan babu makawa domin ceton rai. Rai kaɗai ake kare wa da rai. A 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, rundunar ta fitar da sabon Umarni na 237 wanda ya matso kusa da wannan ma'auni: bindiga ita ce matakin ƙarshe, ƙarfi ya yi daidai da girman barazana, kuma jami'in da ya yi harbi ya ba da rahoton dalilinsa. Gyara ne na gaske. Sai dai umarnin runduna takarda ce ta cikin gida, tana ƙasa da dokar majalisa, balle Kundin Tsarin Mulki. Lauyan da ke kare ɗan sanda a gaban alƙali ba zai tsaya a kan umarnin 2019 ba, sashe na 33 zai buɗe, wanda har yanzu ba a taɓa shi ba.

Game da taro da zanga-zanga, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2007, a shari'ar Sufeto Janar da jam'iyyar ANPP, cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi gangami na lumana. Shari'ar ta samo asali ne daga gangamin jam'iyyar da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Kano a Satumban 2003.

Kafin a kai ga bindiga

Yawancin ƙarfin da talaka ke haɗuwa da shi ba harsashi ba ne. Mari ne a shingen bincike, ko ƙwace waya, ko kwana uku a bayan kanta ba tare da an faɗa masa laifinsa ba. A nan dokokin suna da yawa, kuma a fayyace suke.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka kafa irinta, ta haramta kama wani a madadin wani. Kama uba domin ɗansa ya gudu, ko mata domin mijinta ya ɓuya, saɓa doka ne kai tsaye. Ta haramta kama mutum a kan rikicin da ba laifi ba, kamar bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, duk da cewa har gobe akwai masu ɗaukar caji ofis a matsayin wurin karɓo bashi. Ta ce ba a sa wa mutum ankwa sai in ana tsoron zai gudu ko zai yi rauni ga kansa ko wani, ko kotu ta yi umarni. Ta ce a sanar da danginsa ba tare da ya biya ko sisi ba, ta kuma ce mace na iya tsayawa wa mutum beli. Akwai wani tanadi da bai shahara ba amma yana da nauyi: babban majistare na yanki zai riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar waɗanda aka kama, ya ba da beli inda ya dace. A inda majistarori ke yin wannan zagaye da gaske, ɗakunan tsarewa kan ragu.

Dokar haramta azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da mutum, kuma ta toshe mafakar da aka saba fakewa da ita: umarnin na gaba ba hujja ba ne, haka ma yaƙi ko dokar ta-ɓaci. Tushen azabtarwa a caji ofis shi ne dogaro da iƙirari. Rundunar da ba ta da isassun kayan binciken kimiyya takan gina tuhuma a kan abin da wanda ake zargi ya furta da bakinsa, kuma hanya mafi sauri ta samun furucin ita ce duka. Dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓi iƙirarin da aka samu ta hanyar tursasawa ba. Dokar 2015 ta ƙara da tanadin ɗaukar bayani a gaban lauya da naɗarsa a bidiyo, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta ɗauki irin wannan tanadi na dokar jihar Legas a matsayin wajibi.

Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Satumban shekarar, ta maye gurbin dokar da asalinta ya koma 1943. Ta maimaita yawancin waɗannan kariya, ta ce a ajiye ɗan sanda lauya a kowane babban ofishin yanki domin sa ido kan haƙƙin ɗan Adam, ta kuma ce askin mutum ko shigarsa ko shekarunsa ba dalilin tsayar da shi a caje shi ba ne. Wata guda bayan sa hannun, matasan da aka fi tsayarwa saboda askinsu da wayoyinsu suka cika tituna.

Wa ke hukunta ɗan sanda?

Ƙofofin kai ƙara suna da yawa. A cikin rundunar akwai shari'ar ladabtarwa ta cikin gida ga ƙananan jami'ai, daga kurtu zuwa sufeto, wadda kan iya ƙarewa da rage girma ko kora. Akwai sashen karɓar koke-koke, wato CRU, da aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, wanda ke karɓar ƙorafi ta waya da kafofin sada zumunta, kuma dokar 2020 ta ba shi gindin zama. A wajen rundunar akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wato PSC, wadda Kundin Tsarin Mulki ya ba ikon ɗauka, ƙarin girma, ladabtarwa da korar kowane jami'i in ban da Sufeto Janar. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, aka kuma ƙara mata ƙarfi da gyaran dokarta na 2010 ta yadda hukuncinta zai iya zartuwa kamar na babbar kotu. Sai kotuna su kansu.

Raunin tsarin yana wurin bincike. Idan ɗan sanda ya kashe mutum, 'yan sanda ne ke tattara shaida, su ke riƙe da rajistar makamai da littafin aikin ranar, su ne kuma za su miƙa fayil ga ma'aikatar shari'a. Hukumar PSC tana iya kora, amma ba ta gurfanarwa, kuma sau da yawa ƙorafin da aka kai mata yakan koma hannun rundunar domin a bincika. Shekaru da dama ma hukumar da ofishin Sufeto Janar sun shafe su ne suna shari'a a kan wanda ke da ikon ɗaukar kurata, har sai da Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya a 2023.

Shari'o'i biyu sun nuna iyakar abin da tsarin ke iya yi ta kowane ɓangare. A daren 7 zuwa 8 ga Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, maza biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo da mace ɗaya. Rundunar ta ce 'yan fashi ne da suka fara buɗe wuta. 'Yan kasuwar suka yi bore, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, kwamitin ya gano cewa labarin fashin ƙarya ne. Gwamnati ta nemi afuwa, ta biya kowane gida naira miliyan 3. Amma hukuncin kotu bai zo ba sai a ranar 9 ga Maris 2017, kusan shekara 12 bayan kisan, lokacin da Mai Shari'a Ishaq Bello na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya yanke wa ƙananan jami'ai biyu hukuncin kisa, ya sallami uku, ciki har da mafi girman muƙami a cikinsu, saboda rashin isasshiyar shaida. Baturen 'yan sandan yankin da ake tuhuma tare da su ya tsere daga tsare tun da wuri, ba a kai ga yi masa shari'a ba.

Ɗaya shari'ar ita ce ta Bolanle Raheem, lauya mai juna biyu da wani ɗan sanda ya harbe a cikin motarta a Ajah, Legas, ranar Kirsimetin 2022. An kama jami'in nan take, gwamnatin jihar ta ɗauki shari'ar da kanta, abokan aikinsa suka ba da shaida, kuma a ranar 9 ga Oktoban 2023 Babbar Kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa. Ƙasa da wata goma ke nan. Dokokin da aka yi aiki da su a nan ba wasu sababbi ba ne. Wadda aka kashe lauya ce, ƙungiyar lauyoyi ta tsaya a kan maganar, kuma idon ƙasa duka yana kan kotun. Ɗan acaɓan da aka harbe a kan na goro a wata hanyar ƙauye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma misalin da Arewa maso Gabas ta fi kowa sanin tsadarsa. A ƙarshen Yulin 2009 sojoji suka kama Mohammed Yusuf, jagoran ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, suka miƙa shi da rai ga 'yan sanda a Maiduguri, bayan 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa. Surukinsa, Baba Fugu Mohammed, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda, shi ma a hannunsu ya mutu. Kotu ta ba da umarnin biyan iyalansa naira miliyan 100 a 2010, gwamnatin Borno ta biya a farkon 2012. Babu mai cewa Yusuf ba shi da tambayoyin da zai amsa a kan jinin da aka zubar a wancan mako. Kashe shi ba shari'a ya hana ƙasa jin amsoshin, ya kuma ba waɗanda suka gaje shi hujjar da suka yi shekaru suna jan mabiya da ita.

SARS da kwamitocin 2020

An kafa sashen yaƙi da fashi da makami, SARS, a Legas a 1992, daga baya ya bazu zuwa sauran jihohi. Jami'ansa kan fita cikin farin kaya da motoci marasa tambari, abin da ya taimaka wajen kama 'yan fashi, ya kuma sa da wuya a gane wanda ya aikata ba daidai ba. Kiran a rusa shi ya fara ƙarfi a kafofin sada zumunta a 2017. A Agustan 2018 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ba da umarnin yi masa garambawul, kuma kwamitin da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta jagoranta ya miƙa rahoto a Yunin 2019, inda ya ba da shawarar korar jami'ai 37 da gurfanar da 24. A Yunin 2020 ƙungiyar Amnesty International ta ce ta tattara aƙalla shari'o'i 82 na azabtarwa da kisa da ake danganta wa sashen tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020.

A farkon Oktoban 2020 wani bidiyo daga Ughelli a jihar Delta ya tayar da zanga-zangar EndSARS. Ranar 11 ga wata Sufeto Janar ya sanar da rusa sashen, bayan kwana biyu aka sanar da wanda zai maye gurbinsa, SWAT, abin da masu zanga-zangar suka ɗauka a matsayin sauya suna kawai. Daren 20 ga Oktoba sojoji suka buɗe wuta a mashigar Lekki. A tarzomar da ta biyo baya, rundunar ta ce an kashe mata jami'ai 22, an kuma lalata ofisoshinta 205.

Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta umarci jihohi su kafa kwamitocin bincike na shari'a. Na Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi, ya saurari ɗaruruwan koke-koke, ya ba da diyyar sama da naira miliyan 400, ya kuma ce abin da ya faru a Lekki kisan gilla ne. Gwamnatin jihar ta amince da 11 cikin shawarwarinsa 32 kamar yadda suke, gwamnatin tarayya kuwa ta yi watsi da rahoton. A Yulin 2024 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa Najeriya ta tauye haƙƙin wasu mata uku da ke wurin, ta umarci a biya su diyya, a kuma gudanar da bincike.

A Arewa labarin ya ɗauki wata fuska. Ƙungiyar gwamnonin Arewa, ta bakin shugabanta na lokacin Simon Lalong, ta ce SARS tana da amfani wajen yaƙi da 'yan bindiga, gyara ya kamata a yi mata. Jihohin Borno, Jigawa, Kano, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara ba su kafa kwamitin ba. Ana iya fahimtar mutumin da 'yan bindiga suka hana noma idan ya ce ƙarin jami'ai yake so, ba ragi ba. Sai dai sakamakon shi ne duk wanda ke da ƙorafi a kan 'yan sanda a waɗannan jihohi bai samu zauren da takwaransa na Legas ko Inugu ya samu ba. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 kuwa, Arewa ce ta fi jin jiki: Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a Borno, Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Neja. Rundunar ta musanta rahoton.

Diyya a takarda

Hanyar da ta fi buɗewa ga wanda aka zalunta ita ce ƙarar neman haƙƙi a babbar kotu. Ƙa'idojin 2009, waɗanda Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu, sun sauƙaƙa ta ƙwarai: dangi ko ƙungiya na iya shigar da ƙara a madadin mutum, kuma tsufan magana ba ya kashe ta. Alƙalai sukan ba da diyya mai kauri a irin waɗannan ƙararraki. Karɓar kuɗin ita ce wata sabuwar shari'a. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na hukuma, sai an samu amincewar Antoni Janar. Wato wanda ya kayar da gwamnati a kotu zai koma neman izinin babban lauyan gwamnati kafin a biya shi. Ko an biya ma, daga baitulmali kuɗin ke fita. Aljihun jami'in da ya yi ɓarnar ba kasafai yake jin komai ba.

Ma'aunin amana

Alƙaluman da ake da su suna tafiya ne a hanya ɗaya. Wani jadawalin duniya kan tsaron cikin gida da aikin 'yan sanda na 2016 ya sa Najeriya ta 127 cikin ƙasashe 127. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2016, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka yi hulɗa da ɗan sanda sun ba da cin hanci ko an nemi su bayar. A 2019 adadin ya sauko zuwa kashi 33, saukin da ya cancanci a ambata. A zagayen binciken Afrobarometer na 2021 zuwa 2023 a ƙasashen Afirka 39, kashi 13 cikin 100 ne kawai na 'yan Najeriya suka ce 'yan sanda kan yi aiki da ƙwarewa tare da mutunta haƙƙin kowa, mafi ƙanƙanta a duk ƙasashen.

Rashin amana yana da farashi a aikace. Wanda ya ga laifi ba ya zuwa ba da shaida, domin yana tsoron daga shaida ya koma wanda ake zargi. Wanda aka yi wa sata yakan tafi wurin 'yan banga ko 'yan sa-kai, waɗanda ba su da umarni na 237, tsoho ko sabo. Unguwa kan yanke wa ɓarawo hukunci da taya da fetur. Shi kansa ɗan sandan kirki, wanda su ne ke kwana a kan hanyoyin da 'yan bindiga ke tarewa, shi ke biyan bashin da wani ya ci.

Halin da jami'an ke ciki yana cikin lissafin. Adadin da aka saba ambata na rundunar bai wuce 370,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma a 2018 shugaban hukumar PSC na lokacin, Mike Okiro, ya ce sama da 150,000 suna gadin manyan mutane ne. Barikoki da yawa sun lalace, kuma ba baƙon abu ba ne mai ƙara ya sayi man motar sintiri ko takardar rubuta bayani. An kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda a 2019, an kuma amince da ƙarin kashi 20 cikin 100 na albashi a ƙarshen 2021. Talauci yana bayyana na goro a shingen bincike, amma ba ya bayyana harbin wanda ya ƙi bayarwa.

Muhawarar da ta fi zafi yanzu ita ce ta 'yan sandan jihohi, wadda Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba a Fabrairun 2024. Masu goyon baya suna cewa jami'in da ya san harshen gari da lungunansa, wanda kuma danginsa ke zaune a cikinsa, zai fi jin kunyar zalunci, kuma gwamnan da ake kira babban jami'in tsaron jiha zai samu ikon da sashe na 215 ya rage masa, tunda a yanzu kwamishina na iya neman a miƙa umarnin gwamna ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Masu adawa suna tuna 'yan doka da abin da aka yi da su a lokacin zaɓe. Kafa rundunonin jihohi yana buƙatar gyaran sashe na 214, da amincewar kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, da kuma majalisun dokoki na aƙalla jihohi 24. Togaciyar da ke sashe na 33 kuwa tana cikin babin haƙƙoƙin ɗan Adam, wanda gyara shi ke buƙatar kashi huɗu cikin biyar na 'yan kowane zaure, kuma za ta hau kan kowace sabuwar runduna kamar yadda ta hau kan ta tarayya.